Ƙaramar Taya da Lissafin Haƙora: Fashin Baƙi Kan Sauya Giyar Keke Mai Ninkewa

Wanda ya saba da babban keke, ranar da ya fara hawa keke mai ninkewa ɗaya daga cikin ƙorafi biyu zai yi. Ko dai ya ce a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ƙafafunsa na juyawa kamar farfela amma keken ba ya cin hanya, ko kuma ya ce da ya iso hawa sai giya ta ƙare masa tun bai kai rabin tudu ba, dole ya sauka ya tura. Daga nan sai hankalinsa ya tafi kan adadi: keken na da giya shida, bari a mayar da shi mai tara ko mai goma. A ganina a nan ake fara ɓarnar kuɗi, domin yawan giya daban, faɗin giya daban, kuma ƙaramin keke na da iyakokin da babba bai san da su ba, wato ƙanƙantar taya, kusancin kayan aiki da ƙasa, da ita kanta ninkewar, wadda dominta aka sayi keken tun farko.

Lissafin farko ba ya buƙatar sifana. A jikin feda akwai babban faranti mai haƙora, a ƙafar baya kuma akwai faifai ɗaya ko jerin faya-fayai, sarƙa ce ke haɗa su. Idan aka raba adadin haƙoran faranti da na faifai, za a san sau nawa ƙafar baya ke juyawa a kowane zagayen feda, idan kuma aka ninka wannan da tsawon kewayen taya, sai a sami mitocin da keke ke ci a zagaye guda. Wannan adadi na ƙarshe shi ne giya ta gaskiya, kuma da shi kaɗai ake iya kwatanta keke da keke. A ɗauki baƙin keken nan na gargajiya irin su Raleigh da Phoenix, mai taya inci 28, wadda kewayenta ya kai kimanin mita 2.2. Idan farantinsa na da haƙora 44, faifansa na da 18, zagaye ɗaya zai ba shi kusan mita 5.4. A ɗauko faranti da faifan nan yadda suke a ɗora a kan taya inci 20, mai kewayen kimanin mita 1.55, sai nisan ya faɗo zuwa mita 3.8, a kan taya inci 16 irin ta keke mai ninkewa na Brompton kuwa, mai kewayen kimanin mita 1.33, mita 3.25 kacal za a samu. Mahayin da ke juya feda sau 70 a minti zai yi gudun kilomita 22 da ɗoriya a awa a kan keken farko, a kan na biyu kuma da ƙyar zai kai 16, alhali saurin ƙafafunsa bai canza ba. Shi ya sa ake ganin manyan farantai masu haƙora 52 ko 53 a jikin ƙananan kekuna, suna rama abin da taya ta rage.

Kafin a amince da kowane lissafi, sai a duƙa a karanta lambar da ke gefen taya, domin sunayen inci na yaudara. Tayoyi iri biyu ne aka fi sani da sunan inci 20: akwai mai rim na milimita 406, wadda ita ce a yawancin kekunan Dahon da Tern, akwai kuma mai 451, kuma ba sa shiga rim ɗin juna. Inci 16 ma ya rabu gida biyu, 349 na Brompton da 305 na wasu ƙananan kekuna, shi kuwa Birdy, wanda Riese & Müller na Jamus suka zana, a kan 355 yake tafiya, wanda ake kira inci 18 duk da cewa da milimita 6 kacal ya ɗara na Brompton. Wanda ba ya son dogaro da rubutu sai ya nemi alli da daɓen siminti: ya tsayar da bawul a ƙasa ya ja layi, ya tura keken har bawul ya sake dawowa ƙasa ya ja layi na biyu, sannan ya auna tsakani. Da allin nan kuma zai yi wa haƙori ɗaya alama ya ƙirga sauran, balle idan keken na hannu aka sayo, wanda wataƙila wani ya riga ya sauya masa kaya.

Da waɗannan lambobi a hannu, tambaya ta rabu biyu. Akwai faɗi, wato sau nawa giya mafi nauyi ta ninka mafi sauƙi, akwai kuma mazauni, wato inda wannan faɗin ya zauna, can ƙasa wajen hawan tudu ko can sama wajen gudu. Keke mai araha yakan zo da faranti mai haƙora 48 ko 52 da faya-fayai shida ko bakwai daga 14 zuwa 28. Da faranti 48 a kan taya 406, giyarsa mafi sauƙi na ba da kimanin mita 2.7, mafi nauyi kuma mita 5.3, faɗin ya zama ninki biyu daidai, abin da kamfanoni ke rubutawa da kashi 200 cikin ɗari. Ko an cusa giya goma a tsakanin 14 da 28, faɗin na nan a ninki biyu, tamkar wanda ya ƙara wa tsani matakai bai ƙara masa tsawo ba. Farantin gaba ne ke da iko da mazauni, faya-fayan baya kuma su ke da iko da faɗi.

Idan ƙorafin ɗaya ne tak, giyoyin duka sun yi sauƙi ko duka sun yi nauyi, maganin da ya fi araha shi ne sauya faranti. Mazaunin gari shimfiɗaɗɗe kamar Kano, wanda bai taɓa hawa manyan faya-fayai biyu na baya ba tun da ya sayi keken, dakon giyoyin da ba ya buƙata yake yi, kuma ƙarin haƙora huɗu daga 48 zuwa 52 zai ɗaga masa komai da kusan kashi 8 cikin ɗari, giyarsa ta sama ta tashi daga mita 5.3 zuwa kusan 5.8. Mai hawa da sauka a tuddan Jos akasin haka yake so, faranti mai 44 ko ƙasa da haka. Abin dubawa shi ne da'irar notunan da ke riƙe faranti: wadda aka fi samu a waɗannan kekuna milimita 130 ce mai notuna biyar, ba ta karɓar faranti ƙasa da haƙora 38, sai ta 110 wadda ke sauka har 34 da 33. A kekuna masu araha sau da yawa farantin a manne yake da hannun feda, ba noti ko ɗaya, don haka sai an sauya hannun gaba ɗaya. Kowane ƙarin haƙora huɗu na cin kimanin inci ɗaya na sarƙa, kuma wanda ya girmama faranti ya bar sarƙa yadda take yana iya karya direla, wato hannun nan mai 'yan ƙananan tayoyi biyu da ke rataye a gefen ƙafar baya yana ɗaga sarƙa daga faifai zuwa faifai, ranar da ya hau faifai mafi girma. Haka nan kada a yar da zoben garkuwar da ke rufe faranti don a rage nauyi. Keke mai faranti ɗaya ba shi da wani abin da ke tare sarƙa a gaba, ga girgizar ƙaramar taya a kan gargada, ga jijjigar ninkewa da ɗauka, kuma zoben ne ke kare rigar mai rungumar keken zai hau bene. Idan dole a cire shi, a sa faranti mai haƙora siriri da kakkaura a jere, wanda aka ƙera domin riƙe sarƙa.

Idan kuwa ƙorafin biyu ne a haɗe, tudu na gagara kuma gudu na ƙarewa da wuri, to faɗi ake nema, dole a koma ƙafar baya, inda aljihu ke fara jin jiki. Jerin faya-fayai iri biyu ne, ko da yake daga nesa kamarsu ɗaya. Akwai firiwil, wanda faya-fayan da na'urar ƙas-ƙas ɗin da ke barin ƙafa ta juya ba tare da feda ba duk a dunƙule suke, ana murɗa shi kamar noti a kan zaren hob, wato cibiyar ƙafar da wayoyin taya ke haɗuwa a kanta. Akwai kuma kaset, faya-fayai zalla da ake zurawa a kan wani bututu mai tsaga-tsaga a jikin hob, a ɗaure su da zobe. Bambancin ya fi shafar ƙaramar taya, domin jikin firiwil na da kauri, galibi ƙaramin faifansa a 14 yake tsayawa, kaset kuwa yana sauka zuwa 11 ba gardama. Haƙora uku ba su da yawa a ido, amma sauka daga 14 zuwa 11 ƙarin kashi 27 cikin ɗari ne, kuma mai son samun irin wannan ta hanyar faranti sai ya tashi daga 48 zuwa 61, wani abu kamar tiren mai talla, wanda zai iya gogar firam ko ya hana keken ninkewa. Kaset mai 11 zuwa 32 da faranti 48 na ba da daga mita 2.3 zuwa kusan 6.8, kusan ninki uku ke nan, an ƙara sauƙi a ƙasa an ƙara gudu a sama. Akwai firiwil masu farawa da 11, irin na kamfanin DNP, kuma ga wanda ba ya son a taɓa masa ƙafa wannan yanke ne mai kyau.

Komawa kaset sabon hob yake so, sabon hob kuma ko dai a sayi ƙafa sukutum ko a kwance wayoyin taya a sake ɗinka tsohon rim. A auna tazarar bakin firam inda aksul ke zama: yawancin kekuna masu taya inci 20 da direla milimita 130 ne, wasu 135, masu giya ɗaya kuma sun fi haka ƙunci. Firam na ƙarfe yana yarda a buɗa shi 'yan milimita, na alminiyum kuwa tsagewa yake yi, kuma tsagar ba lallai ta bayyana a ranar ba. A ƙirga ramukan rim ma, domin ƙananan ƙafafu da yawa ramuka 28 gare su, alhali hob da aka fi samu a kasuwa masu 32 ne ko 36.

Sai batun jituwar kaya, wanda ya fi komai rikita masu saye. Tazarar ƙusoshin sarƙa rabin inci ce a kowane keke, amma kaurinta na raguwa yayin da faya-fayai ke ƙaruwa, daga milimita 7 da ɗoriya a sarƙar giya takwas zuwa kimanin 5.5 a ta goma sha ɗaya, saboda a wuri kusan ɗaya ake cusa ƙarin faya-fayan. Bututun hob na kamfanin Shimano da aka fi sani yana ɗaukar kaset mai 8, 9 ko 10 ba tare da gyara ba, mai 7 kuma sai an sa masa zoben cike gurbi na milimita 4.5. Libar giya, wadda mahayi ke dannawa a sandar hannu don sauya giya, dole ta dace da adadin faya-fayai, sannan ta dace da direla a yawan kebul ɗin da take ja a kowane ƙas. Direlolin Shimano na keken tsere da na keken daji ma'auninsu ɗaya har zuwa giya tara, daga goma suka raba gari, har ma direlar keken tsere ta Tiagra 4700, duk da cewa mai goma ce, ba ta shiri da tsofaffin libobi masu goma na gidansu. Kamfanin SRAM kuma da nasa ma'aunin. Ra'ayina shi ne takwas ko tara sun ishi keken zirga-zirga: sarƙarsu ta fi araha, ta fi samuwa, kuma ta fi haƙuri da direlar da ta ɗan karkace, abin da ba makawa zai sami keken da ake ninkewa ana cusawa a but ɗin mota.

Iyakar da ba a rubuta ta a jikin kwali ba ita ce ƙasa. A babban keke aksul na sama da ƙasa da santimita 34 ko 35, a taya 406 kimanin 25 ne, a 349 kuma wajen 21, ita kuwa direla tsawonta ɗaya ko a wane keke aka rataye ta. Kowace direla na da lambobi biyu, faifai mafi girma da za ta iya hawa, da yawan rarar sarƙar da za ta iya tattarewa, wanda ake samu idan aka cire haƙoran ƙaramin faifai daga na babba. Kaset 11 zuwa 32 rararsa 21 ce, wadda ba ta buƙatar dogon hannu. Ni kaina sai da na ɗanɗana kuɗata kafin na yarda da wannan. Na sayo kaset mai 11 zuwa 36 da direlar keken daji mai dogon hannu na kai wa mai gyara, ya juya ta a hannu ya ce, “Malam, wannan ai ta babban keke ce, za ta sha ƙasa.” Na ce ya ɗaura kawai. A rataye komai ya tafi sumul, amma da aka sauke keken aka sa shi a babban faifai, yatsuna uku ne kawai ke shiga tsakanin ƙarshen direlar da daɓe, gefenta kuma na neman shafar taya. Mako bai zagayo ba, ina karya kwana kusa da bakin kwalbati ta daki dutse, maratayinta ya lanƙwashe ciki, ta shige tsakanin wayoyin taya ta tsinka guda biyu. Abin takaicin shi ne tun asali ban buƙaci 36 ba: faifai mai 32 a kan taya 406 daidai yake da mai 45 a kan taya inci 28, don a wajen hawan tudu ƙanƙantar taya riba ce. Wanda lallai yake son babban faifai sai ya nemi direla mai gajeren hannu da aka yi domin haka, irin Zee ta Shimano, wadda nau'inta ɗaya ke hawa har 36, ko Advent Super Short ta microSHIFT, da aka ƙera wa tayoyin inci 20.

Wasu sun bi ta ɗaya ɓangaren, maimakon girmama faranti suka ƙara ƙanƙanta faifai. Shimano ta yi wa ƙananan tayoyi jeri na musamman mai suna Capreo, giya tara daga haƙora 9 zuwa 26, mai buƙatar hob nasa na kansa, kuma yau samun kayansa sai an sha nema. Amma ƙaramin faifai na da nasa harajin. Sarƙa na lanƙwasa sosai a kansa, haƙora huɗu ko biyar ne kawai ke ɗauke da dukan ƙarfin mahayi, ana jin ɗan gurza a tafin ƙafa, kuma yana cinyewa da wuri. A ƙaramin keke abin ya fi tsanani, domin faya-fayan da mai babban keke ke ajiye wa gangara, a kansu mai ƙaramin keke ke wuni, ga shi ƙafar 406 na juyawa kusan sau 645 a kilomita, ta inci 28 kuwa sau 455. Saboda haka na fi son a zaɓi farantin da zai sa giyar tafiyar yau da kullum ta faɗo a tsakiyar kaset, wajen 15 zuwa 18, a bar 11 ga gangara. Faranti biyu a gaba kuwa jidalinsa ya fi amfaninsa a mafi yawan lokuta: sandar sirdin Dahon kanta milimita 33.9 ce, bututun da take shiga ya fi ƙarfin mariƙin direlar gaba sai da mahaɗi, ga ƙarin kebul da zai ratsa gaɓar ninkewa, ga ƙarin rarar sarƙa mai sake kiran dogon hannun da aka guda.

Hanyar da ta fi dacewa da ɗabi'ar keke mai ninkewa, a nawa ganin, ita ce giyar da ke ɓoye cikin hob. Tsohuwar fasaha ce, Sturmey-Archer na ƙera irinta tun 1902 a Nottingham ta Ingila, kafin kamfanin ya koma hannun SunRace na Taiwan a 2000. A ciki akwai ƙananan ƙarafa masu haƙora da ke kewaya wani na tsakiya, a waje kuwa faifai ɗaya ne da sarƙa miƙaƙƙiya. Ba dogon hannun da zai daki dutse, ana iya sauya giya a tsaye a gaban danja, kuma ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da mai ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi a kan faya-fayai, ba ta shiga cikin hob da sauƙi. Mai giya uku na gargajiya na rage kashi 25 a ta farko, ya bar ta biyu yadda take, ya ƙara kashi 33 a ta uku, faɗinsa bai kai ninki biyu ba. Nexus da Alfine masu takwas na Shimano na ba da kashi 307, Alfine mai 11 na ba da 409, Rohloff na Jamus mai giya 14 kuma 526, a farashin da sau da yawa ya ɗara na keken kansa. Akwai guda da ya cancanci a ware shi, X-RF8 na Sturmey-Archer mai faɗin kashi 325, wanda giyarsa ta farko ita ce ta kai tsaye, sauran bakwai duk ƙari suke yi. A babban keke wannan tsari na tilasta a sa ɗan mitsitsin faranti, a ƙaramar taya kuwa ya zo daidai, tunda matsalar tun asali ƙarancin gudu ce.

Sai dai hob mai giya takwas ko fiye nauyinsa ya wuce kilo ɗaya da rabi, duk a ƙarshen keke, kuma wanda ke ɗaukar keken nan sau huɗu a rana zai ji shi a kafaɗa. Aksul ɗinsa na neman juyawa a cikin firam, don haka akwai washa na musamman masu hana shi, kuma dole su dace da siffar bakin firam. Idan bakin na kallon ƙasa ne, ba yadda za a ja ƙafa baya a ɗame sarƙa, sai an rataya mata ɗan hannun ɗamewa. Faci ya fi ɗaukar lokaci, kuma idan cikin hob ya lalace ba kowane mai gyara ke buɗe shi ba. Akwai tsaka-tsaki, hob mai giya uku da ke ɗaukar kaset a jikinsa: DualDrive na SRAM ya yi suna a kekuna masu ninkewa kafin kamfanin ya daina ƙera shi, CS-RF3 na Sturmey-Archer kuma aiki iri ɗaya yake yi.

Brompton, wanda Andrew Ritchie ya zana a Landan a tsakiyar shekarun 1970, sha'aninsa daban ne. Bakin firam ɗinsa na baya kimanin milimita 112 ne, don haka Alfine da Rohloff da hob ɗin kaset na yau da kullum ba sa shiga, kuma ƙafarsa ta baya lanƙwasowa take yi ta shige ƙarƙashin firam, abin da ke sakin sarƙa a duk ninkewa, har sai wani hannu mai sifirin ya tattare ta. Mai giya shida ya haɗa hob mai giya uku mai faɗi, wanda suke kira BWR, da faya-fayai biyu masu 13 da 16, jimillar faɗi kashi 302, kuma da faranti 50 yana ba da daga kimanin mita 2.6 zuwa kusan 8. Mita 8 giya ce da mahayi na yau da kullum ba zai taɓa ba sai a gangara, shi ya sa sauyin da ya fi biyan kuɗinsa a wannan keke shi ne mafi ƙanƙanta, a sauka zuwa faranti 44, komai ya ragu da kashi 12, jerin ya koma daga mita 2.3 zuwa 7. Kamfanin da kansa ya fito da tsarin faya-fayai huɗu a kekunansa na P Line a 2021 da T Line a 2022, ya haɗa shi da hob mai giya uku ya zama giya 12 a 2024, shekarar da G Line ya fito da taya inci 20 da Alfine mai takwas. Mai tsohon Brompton da ya nace sai Rohloff, sai an sauya masa ɓangaren bayan firam da mai faɗi, aikin da shagon Kinetics na Glasgow ya shahara da shi.

Akwai kuma dabarar da ba ta taɓa ƙafar baya sam. Schlumpf na Switzerland giya biyu ce a ɓoye bayan faranti, ana sauya ta da dunduniya ta hanyar danna maɓalli a tsakiyar hannun feda, ba kebul ko ɗaya. Speed Drive na ninka gudu sau 1.65, Mountain Drive kuma na rage shi sau 2.5, sai dai tsada. Bel ɗin roba irin na Gates a madadin sarƙa yana da tsabta, amma ba ya buɗewa, yana buƙatar firam mai tsaga da tazarar da ba ta canzawa, saboda haka na keken da aka ƙera domin sa ne, irin Strida ko Tern Verge S8i.

Ko wace hanya aka bi, aiki na yawan lalacewa ne a wajen kebul. A babban keke ana yanke rigar kebul gajeriya don giya ta shiga da kaifi, a keke mai ninkewa kuwa dole ta isa lokacin da sandar hannu ta kwanta kuma firam ya karye biyu, ba tare da ta ɗame ko ta maƙale a gaɓa ba. Tsohuwar rigar ita ce ma'auni, a ajiye ta a yanka sabuwa daidai da ita, a bi da ita ta inda tsohuwar ta bi. Sarƙa ma sabuwa ake sa wa sababbin faya-fayai, tsohuwa cinye su take yi. Daga ƙusa ɗaya a ƙirga tazara 24, sabuwar sarƙa za ta ba da inci 12 daidai, kusan milimita 305, kuma idan ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi zuwa biyu lokacin sauya ta ya yi. Kafin a biya mai gyara, a ninke keken a gabansa a duba ko faranti ko direla na taɓa ƙafar gaba ko ƙasa, a ga ko maganaɗisu ko ƙugiyar da ke riƙe shi a ninke na kamawa kamar da, a buɗe shi, a bi giyoyin duka sama da ƙasa, sannan a sake ninkewa da buɗewa sau uku ko huɗu a sake bin su, domin kebul ɗin da ya gaza tsawo sai bayan ninkewa yake zamewa daga mazauninsa ya ɓata saiti.